Kafintan da ya zo ƙofar gida bayan iska: amsa ga mai tambayar Gwallameji

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Na karanta tambayarka: iskar shekaranjiya ta yaye rufin ɗakuna biyu da falo a gidanka na Gwallameji, sai ga wani kafinta da ba ka taɓa gani ba ya yi sallama, ya ce ka ba shi kashi biyu cikin uku na kuɗin, shi zai sayo kwano da katako, ya gama maka cikin kwana uku. Kana tambaya ko ka ba shi.

Kada ka ba shi. Ni na bayar, shi ya sa nake da bakin magana.

Duk mutumin Bauchi ya tuna iskar watan Yunin 2018, wadda ta zo washegarin ƙaramar sallah. An yi asarar rayuka, turakun wuta sun zube, har Shugaba Buhari ya zo jaje. Ni a Fadaman Mada nake. Rufin ɗakin uwargida gaba ɗaya ya tashi, da katakon da komai, muka tsince shi a bayan gidan maƙwabci kamar an ajiye faifai. Da gari ya waye kowa na neman kafinta, waɗanda muka sani duk an riga an kwashe su. Ana cikin haka wani ya tsaya da mashin, guduma a ƙugu, tef a aljihu, bakinsa kamar zuma. Ya ce shi ya rufa gidan wani Alhaji a GRA, ya nuna mini hotuna a waya. Hadari na haɗowa a gabas, katifu na shanye a tsakar gida, yara na gidan kakarsu. Ban tambayi kowa ba na ƙirga masa naira dubu 180.

Bai gudu ba, kuma nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Kowa tsoronsa kafintan da zai karɓi kuɗi ya kashe waya. Akwai irinsu, amma wannan ka san an cuce ka tun a ranar. Nawa ya zo, ya yi aikin, kwano na ƙyalli, maƙwabta na cewa ma sha Allah. Sai da damina ta zagayo, iskar farko ta watan Mayu, wadda ko bishiyar darbejiyar ƙofar gida ba ta karya ba, ta ɗaga gefen rufin ta nannaɗe shi kamar tabarma. Ranar na kira wani dattijon kafinta na unguwarmu, wanda da na yi haƙurin mako guda tun farko shi zai yi mini aikin. Ya ce, "Malam, hau ka gani da idonka." Na hau tsani, gwiwa na rawa.

Abin da na gani shi ne dalilin wannan dogon rubutun. Katakon da ke kwance kan bango, wanda duk rufin ke zaune a kansa, ba a ɗaure shi da ginin ba ko wuri ɗaya. Ƙusoshi kawai aka buga cikin bulo, dattijon ya sa yatsu biyu ya zare ɗaya. Langa-langar da na biya kuɗinta, guntaye huɗu na gani, su ma an lanƙwasa su ne a inda ido zai iya hangowa daga ƙasa. Inda muka yi da shi zai sa tubaifo, wato katako mai inci biyu da huɗu, tubaitiri mai inci biyu da uku ya sa. Katakon da kwano ke hawa kai ya ware su nesa da juna, ka taka tsakani kwanon ya lotsa. Ɗanyen katako ne kuma, da ya bushe ya kankance ya murɗe, ƙusoshin suka saki. Maganin gara kuwa, fuskar da ke kallon ƙasa kawai ya shafa wa baƙin mai. Duk wannan ɓarnar, ranar da aka buga kwano ta shige ƙarƙashi, aka zo aka yi silin ta ƙasa, shi ke nan an binne ta.

Ka ga, iska ba danna rufi take yi ba, tsotsarsa take yi sama, kuma ta baki-baki da kusurwa take farawa. In ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta haɗa da turowa daga ciki. Don haka ƙarfin rufi ba a kyan kwano yake ba, a ɗauri yake: kwano da katako, katako da katako, katako da bango. A nan kuma marar tsoron Allah yake cin ribarsa, don ya san mai gida ba ya hawa.

To ga yadda na yi a karo na biyu, kuma yadda nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni.

Yau ɗin nan ka nemi tamfol ko leda mai kauri a rufe wurin, a danne da bulo. Wannan zai cire maka gaggawar da suke farauta da ita, don sauri ya haifi nawa. In akwai wayar wuta da ta faɗo kan kwanon, kada kowa ya taɓa sai 'yan NEPA sun zo. Sannan ka tattara tsohon kwanonka da katakon da bai karye ba ka killace. Nawa, kafintan farko cewa ya yi bola ce, zai taimaka ya kwashe mini, ashe wajen 'yan gwangwan ya kai, masu kyan kuma ya rufa wa wani shago da su. Wanda bai yage ba ana miƙar da shi, ya yi rufin kicin ko turken awaki.

Kafinta kuwa, ka nemi wanda yake da inda za a same shi: shago, gida, masallacin da yake salla. Ka tambayi mai unguwa, ka tambayi birkilan da ya yi maka gini, ka tambayi masu sayar da katako a Muda Lawal, su sun san wanda ke zaɓar mai kyau da wanda kullum rubabbe yake nema. Hoton waya ba shaida ba ne. Ka ce ya kai ka gidan da ya rufa shekara uku ko huɗu da suka wuce, ka yi sallama da mai gidan, ka tambaye shi ko yana tara roba a ɗaki in ana ruwa. Mai gaskiya murna zai yi da wannan. Wanda ya fara cewa ai mai gidan ya yi tafiya, ka sallame shi da fatan alheri.

Mutum biyu ko uku su auna, kowa ya rubuta maka lissafinsa daban: kwano bandir nawa, tubaifo nawa, tubaitu nawa, ƙusa, langa-langa, maganin gara, sannan kuɗin hannu a gefe guda. Kada ka yarda da "kawo kaza in gama maka komai". Wanda kuɗinsa ya faɗi ƙasa sosai da na saura, ka san a jikin rufinka zai cike gibin. Araha ba ta ado.

Kaya da kanka za ka saya. Ka tafi da shi kasuwa ya zaɓa, amma kuɗi daga hannunka zuwa hannun mai shago, a ba ka rasit. Ka leƙa shago biyu ba tare da shi ba ka ji farashi, don wasu suna da la'adarsu a wajen mai kaya, a kanka ake ɗorawa. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, ka ƙirga a gabanka, ka sake ƙirgawa in an sauke a gida. Lambar geji kuma, wato ma'aunin kaurin kwano, a juye take: 28 ya fi 32 kauri, 34 kuwa kusan takarda ne. Mutane da yawa na ɗauka babbar lamba ita ce mai ƙarfi, kuma ba kowane mai shago zai gyara maka ba. In dogon kwanon alminiyom za ka sa, akwai mai kaurin milimita 0.45 akwai 0.55, a ido kusan ɗaya suke, sai ka ce a gwada da abin awo a gabanka kafin a yanka. Katako ka ɗaga ka ji: ɗanye nauyi gare shi da sanyi a hannu. Ka hango shi ta tsawonsa, wanda ya yi baka ka mayar. Maganin gara a shafa shi a ƙasa, fuska huɗu, kana tsaye, kafin a hau da shi. Kayan su kwana a ɗakin da makullinsa ke aljihunka, don ƙusa da falle bibbiyu suna da ƙafa.

Kuɗin hannu kashi uku na raba. Kaɗan na kafin alƙalami ranar da suka fara. Na biyu bayan an gama kafa katako, kafin falle ɗaya ya hau. Wannan ita ce ranar da ba za ka je ko'ina ba, ko ɗaurin auren waye. Ka hau, in ba za ka iya ba ka sa ƙaninka ko wani magini da ba ruwansa da kafintan. A duba langa-langa ta ratsa ƙarƙashin layin bulo biyu ko uku ta zagayo katakon, ko kuma rodin da aka bari a cikin kankare an lanƙwaso shi a kai, kuma ba wuri ɗaya ko biyu ba, a jere har kusurwoyi. In bangon da kansa ya tsage a sama, birkila ya fara gyarawa, kada a ɗora sabon rufi kan ruɓaɓɓen bulo. Wajen buga kwano, ƙusa mai hula ake sawa, a kan tudun kwanon ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, a kuma ƙara yawanta a baki-baki. Ka lura da yadda falle ke hawa kan falle: in ya rage hawan don kwano ya yi saura, feshin ruwa zai riƙa shigowa.

Kashi na uku na riƙe sai da aka yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya. Dattijon bai ji haushi ba, shi ya ma ce kada a yi silin sai an ga ruwan. Duk wannan mun rubuta a takarda ɗaya da Hausa, ni da shi muka sa hannu, limaminmu da maƙwabcina suka shaida. Na farkon, da na kai ƙara wajen mai unguwa, abin da aka fara tambayata shi ne takarda ko shaida. Ba ni da ko ɗaya, ko sunansa na gaskiya ban sani ba, laƙabi kawai. Haka na bar wa Allah.

Wani abu kuma, tunda lokacinsa ne: za ka ga masu yawo da fom suna cewa a kawo kuɗin rajista za a sa sunanka a tallafin SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha. Kada ka ba kowa sisi, ka bi ta wajen mai unguwa ko kansilanku, ka kuma ɗauki hotunan ɓarnar yanzu kafin a taɓa komai. In gidan na haya ne, ka kira mai gidan ya gani, ku yi magana a kan wanda zai biya tun kafin ka sayi ƙusa ɗaya.

Shi wannan da ya zo maka, ba na ce ɓarawo ba ne, ban san shi ba. Ka gaya masa kai za ka sayi kaya, kuɗin hannu kashi uku, kuma za ka hau kafin a rufe. In ya dawo gobe da safe da tsaninsa, ku zauna ku yi ciniki.