Wace kibiya ta dace da baka mai tayoyi na farauta?

Ka ce ƙarfin jan bakanka fam 65 ne, tsawon janka inci 28, kana neman kibiyar farautar barewa.

Fara da taurin sandar kibiyar, domin nan ne aka fi yin kuskure. Lambar da ke jikinta, in ta yi ƙasa, sandar ta fi tauri: 300 ta fi 400. A ma'auninka 340 ce ta fi kusa, amma duba jadawalin kamfanin da ya ƙera ta, don ƙarin tsawo ko nauyin tsini yana sa sanda ta ƙara lanƙwasa lokacin harbi.

Sai nauyi. Ana auna shi da giren, wani ƙaramin ma'aunin nauyi. Kada kibiya ta gaza giren 5 a kan kowane fam na ja, wato giren 325 gare ka. Wadda ta fi haka sauƙi tana iya lalata baka da tsirkiya. Ni dai na fi son 420 zuwa 480. Gudu zai ɗan ragu, amma ta fi shiga jiki, ƙarar baka kuma ta ragu, dabba ba ta wahala.

Tsini mai giren 100 ko 125 ya isa. A yanke sandar ta wuce mazauninta, wato inda take zama a jikin baka, da kamar inci ɗaya idan an ja tsirkiya. In ta kabon ce, lanƙwasa ta kaɗan kafin harbi. Ka ji ƙas, jefar da ita.