Amsar Goggo kan ɓallewar jini

'Yata, saƙonki ya iso. Wai mece ce "jini ya ɓalle mata", kuma me ya sa manya ke rage murya in za su faɗa? Na yi dariya, sai kuma na tuna cikinki ya tsufa, dariyar ta tsaya.

Ki lura, wadda ta yanke da wuƙa jini ne ya zuba, na hanci kuwa haɓo ne. Ɓallewa sai abin da yake ɗaure ya kufce, kamar akuya daga turke. Wasu su ce ya tsinke, duk ɗaya ne.

Ina budurwa Yayarmu ta yi haihuwar fari da daddare. Mabiyiya ta faɗo, har an fara barka. Ni aka sa kwashe zannuwa; in kai wannan, kafin in dawo wancan ya jiƙe sharkaf. Tsofaffi na cewa a bar shi, dattin ciki ne ke fita. Ita kuwa kunya ta hana ta magana, sai hamma take, tana neman ruwa, tafin hannunta sanyi ƙalau ga gumi. Kakarmu ce ta ɗaga fitila ta ja fatar idonta, ta ga fari fat, ta daka wa maza tsawa su nemo mota. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta. Tana murza mata mara har asibiti, can aka yi mata allura da ƙarin jini, Allah Ya yi da sauran kwana.

Daga baya malaman asibiti suka fahimtar da mu cewa yawanci mahaifa ce ke ƙin tsukewa, ko guntun mabiyiya ya maƙale. Ma'auninsu na ɓallewar jini shi ne zubar rabin lita ko fiye cikin awa 24 bayan haihuwa, alhali jinin babban mutum duka wajen lita 5 ne kawai. A duniya ɓallewar jini ce kan gaba wajen kashe masu haihuwa. Kakarmu kan ce haihuwa yaƙin mata ne, ba a fita yaƙi da zolaya a baki.

Ku kuma 'yan yanzu, ga asibiti ga allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, amma sai ku kwanta kuna tambayar waya. In ƙunzugu ya jiƙe cikin awa guda, ko jiri ya kama ki, ki buɗe baki ki yi ihu. Kina zuwa awo kuwa? Ki sa su duba yawan jininki, mijinki kuma ya tanadi wanda zai ba da jini tun yanzu.