Amsa ga mai tambaya kan manhajar bashi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce manhajar da ka ci bashi a cikinta ta tura wa mutanen wayarka saƙo ana kiranka ɓarawo, kuma wai tunda ka danna ka amince shikenan ba ka da bakin magana. Wallahi ba haka bane.

Ni ma ya faru da ƙanina, dubu 20 kacal ya ci, ya yi lattin kwana uku, sai ga hotonsa a WhatsApp ɗin surukarsa da limamin unguwarmu, matar nan har kuka ta yi. Wannan ne yasa na zauna na karanta dokar kare bayanan jama'a da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Sashe na 25 ya kawo dalilai 6 da ke halasta wa kamfani taɓa bayananka, amincewarka ɗaya ce kawai a ciki. Akwai cika yarjejeniyar da kuka ƙulla, akwai abinda doka ta tilasta musu, misali banki ba sai ya roƙe ka ba kafin ya nemi BVN da NIN, ko ka rufe asusu ma dole ya ajiye bayananka aƙalla shekara 5 saboda dokar hana halasta kuɗin haram. Sai ceton rai, sai aikin da ya shafi maslahar al'umma, sai halastacciyar bukatar kamfanin kansa.

To su masu bashin nan da wanne za su fake? Sunanka da lambarka da asusunka, eh, yarjejeniya ce. Amma lambar surukarka fa? Ita bata ci bashi ba, bata danna komai ba, kai kuma ba ka da ikon amincewa a madadinta. In suka ce bukatar kamfani ce, dokar da kanta ta ce bukatar bata tsayawa in ta danne haƙƙin mutum ko ya zama abinda bai taɓa zaton za a yi da bayanansa ba. Google ma tun 2023 ya hana irin waɗannan manhajojin shiga lambobin waya da hotuna.

Kar ka goge komai, ɗauki sikirinshot na kowane saƙo da lambar da ta turo, ka ce waɗanda aka tura wa su turo maka nasu, ka kai ƙorafi hukumar kare bayanan jama'a (NDPC) da hukumar kare haƙƙin masu saye (FCCPC), mu imel muka tura. Amma fa bashin na nan a wuyanka, lallaɓa ka biya, ƙanina ma sai da muka yi masa karo-karo.