Ga mai tambaya kan katun ɗin da ya ƙi ba da dariya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka haɗa katun na zolayar 'yan siyasa, amma duk wanda ya kalla sai ya ce kamar wa'azi. Wallahi ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi.

Wata huɗu na yi ina zane a tsohuwar kwamfutata a Samaru, in an ɗauke wuta sai shagon mai caji. Minti shida kacal na samu: magidanci sojan baka, kullum yana gidan rediyo yana kare ubangidansa, a gida kuwa randa ƙaf, uwargida na ciniki da mai kurar ruwa. Wanda ya yi min muryoyi, abokina tun sakandare, ya karɓi fayil wai zai gyara sauti. Bayan sati biyu sai ga aikina a WhatsApp, an yanke duk inda matar take, an ɗora wa mijin hular wata jam'iyya. Sayarwa ya yi. A teburin mai shayi aka nuna min, ana ta shewa, ni kuwa shayin ya ƙi wucewa. Har yau in mun haɗu a PZ sai ya ce "darakta, ranka ya daɗe". Ko kunya.

Matar nan da ya yanke, ita ce katun ɗin. Duba The Simpsons, katun ɗin wani iyali da ake yi a Amurka tun 1989. A wani kashi na 1990 attajirin garin, Mista Burns, ya tsaya takarar gwamna bayan an kama kifi mai ido uku kusa da tashar nukiliyarsa. Homer, maigidan iyalin, na bayansa, don shi ke biyansa albashi, matarsa Marge na bayan abokiyar hamayyar Burns, gida ya rabu biyu. Da Burns ya zo cin abinci gidansu gaban 'yan jarida, Marge ba ta yi jawabi ba. Kifin ta dafa ta ajiye masa. Ya tauna ya tofar, takara ta bi ruwa.

Kai ma shigo da ɗan siyasarka tsakar gida, ka bar mace ta yi maganinsa da kwanon tuwo. Kada ka zana fuskar kowa, ƙirƙiro garinka kamar yadda masu The Simpsons suka ƙirƙiro garinsu, Springfield. Sannan don Allah, ko ɗan uwarka ne zai yi maka murya, ya zo ɗakinka ya yi ya tafi. Fayil kada ya fita.