Me ya sa Sinawa ke ƙona kuɗi a gaban kabari?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina zuwa Guangzhou saro kaya. A farkon Afrilu na tarar da shagon abokin cinikina a garƙame, aka ce ya tafi ƙauye sharar kabari. Da ya dawo ya nuna mini hoto yana ƙona damin kuɗi a gaban kabarin mahaifinsa. Wane irin biki ne wannan? Kuma kuɗin na gaske ne?

AMSA: Alhaji, kwantar da hankalinka, takarda ce aka buga. A imaninsu, abin da aka ƙona yana isa ga mamaci ya yi amfani da shi a can. Shi ya sa yanzu har mota da wayar hannu ta takarda ake ƙonawa.

Sunan bikin Qingming, ana furta shi kusan "Cinmin". Yakan faɗo ne ranar 4 ko 5 ga Afrilu, kuma tun 2008 gwamnatin Sin ta mayar da shi ranar hutu. Iyali kan je su cire ciyawa, su goge dutsen da aka rubuta sunan mamaci, su ajiye shayi da abincin da ya fi so, su kunna turare, sannan a rusuna bi da bi, babba kafin ƙarami.

Labarin asalinsa ne ya fi jan hankalina. An ce wani yarima na Jin, wata tsohuwar masarauta a Sin, mai suna Chong'er, ya yi shekara 19 yana gudun hijira. Da yunwa ta kai shi maƙura, baransa Jie Zitui ya yanko naman cinyarsa ya dafa masa. Yarima ya hau gadon sarauta a 636 kafin haihuwar Annabi Isa, ya raba muƙamai, ya manta da Jie. Shi kuwa ya ɗauki mahaifiyarsa suka shige dutsen Mian, a lardin Shanxi na yau. Da sarki ya tuna da Jie, ya sa aka cinna wa dajin wuta don ya fito. Bai fito ba. Aka tsinci gawarsu a gindin bishiya. Don nadama sarki ya hana hura wuta a ranar, ana cin abinci da sanyinsa, daga baya al'adar ta haɗe da Qingming.

Ni dai ina ganin an ƙara wa miyar gishiri, domin rubuce-rubucen da suka fi tsufa cewa kawai suka yi ya ɓuya har ya mutu, babu zancen gobara.

Baɗi ka kammala cinikinka kafin Afrilu ya kama.