Amsa kan rubuta bayanai don jarrabawar ƙarin girma

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana shirin jarrabawar ƙarin girma a nan Gombe, ka cika littafi da rubutu amma ba abin da ke zama maka. Matsalar kwafe ce. Mai kwafar Dokokin Aikin Gwamnati layi-layi hannunsa kaɗai ke aiki.

Karanta babi guda, ka rufe, ka rubuta abin da ka gane da bakinka, ko da Hausa ne. Sannan ka buɗe ka cike giɓi da jan biro. Wannan jan rubutun shi ne rauninka, shi za ka riƙa komawa.

Ka raba shafi biyu, tambaya a hagu, amsa a dama. Yaushe ake ritaya? Shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wadda ta riga. Lokacin gwaji kafin tabbatar da ma'aikaci? Shekara 2. In ka zo bita, rufe daman da tafin hannu ka amsa da ƙarfi.

Inda na fi so ka daɗe shi ne babin ladabtarwa, don ƙaramin laifi da babban laifi suna rikita mutane sosai. Jera su gefe da gefe. Dokokin Kuɗi kuma ka ba su littafinsu daban.

Kada ka raina tarihin jiha: 1996 aka ƙirƙiro Gombe daga Bauchi, ƙananan hukumomi 11. Bitar minti 20 bayan sallar Asuba ta ishe ka, in ka ɗore. Allah ya ba da sa'a.