Tambayoyinku: F-35, Su-57 ko J-20, wa ya fi wani? Kuma wai da gaske wayata ta fi kwamfutar jirgin yaƙi?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyin sun bar maganar caji da data sun hau sama, kuma na ji daɗin haka domin jirgin yaƙi na zamani rabinsa ma kwamfuta ne, to bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Don Allah kullum musu muke a majalisa, wasu su ce F-35 na Amurka ya fi, wasu su ce Su-57 na Rasha, ni kuma na gani a TikTok wai J-20 na Chaina ya fi su gudu. Ina gaskiyar take? (wani ɗalibi daga Zariya)

Ƙanina, fara cire maganar gudu daga lissafin. F-35 iyakar gudunsa ninki 1.6 ne na gudun sauti, alhali MiG-25 da Tarayyar Sobiyet ta fara aiki da shi tun 1970 yana kaiwa ninki 2.8, ka ga in gudu ne da tsohon ya cinye. A 1976 wani matuƙin Sobiyet, Viktor Belenko, ya gudu da MiG-25 zuwa Japan, da aka buɗe cikinsa sai ga kwalaben lantarki irin na tsofaffin rediyo. Jirgi ne mai tsere sosai amma ganinsa da tunaninsa na wancan zamanin ne.

Yaƙin sama na yanzu ba a cika haɗuwa ido da ido ba, makami mai linzami ake harbowa daga nisan da ya haura kilomita 100, wanda ya riga ganin ɗan'uwansa shi ke da nasara. Shi ya sa ake kashe maƙudan kuɗi wajen siffar jikin jirgi da fentin da ke shanye siginar rada (na'urar da ke gano jirgi daga nesa), a kuma ɓoye makamai a cikin ciki maimakon a rataye su a fiffike. Mutane na cewa jirgin na da layar zana, toh ba ɓacewa yake yi ba, radar abokin gaba ce ba ta kama shi sai ya matso kusa, kuma ko wannan ba garanti ba ne tunda a 1999 sojojin Sabiya sun kakkaɓo F-117 na Amurka, jirgi mai irin wannan fasahar ɓuya, da tsohon makamin Sobiyet.

In ka matsa sai na zaɓa, ni F-35 zan ɗauka, kuma dalilina ba injin ba ne. Yana da kyamarori 6 masu ganin zafi a kewayen jikinsa da ke turo hoto kai tsaye cikin gilashin hular matuƙi, har ya iya duba ƙasan ƙafarsa ya ga abin da ke ƙarƙashin jirgin, sannan kwamfutar tana haɗa bayanan rada da kyamara da abin da sauran jirage suka gani ta ba shi hoto guda ɗaya, ba sai ya tsaya yana haɗa lissafi da kansa a cikin tashin hankali ba. An ƙera sama da 1,000 kuma ƙasashe da yawa na amfani da shi, wannan na nufin kayan gyara da gogewa. Su-57 gwani ne wajen juyi a sama, babu musu, amma sai 2020 ya shiga aiki kuma adadinsa kaɗan ne sosai. J-20 ya shiga aiki 2017, Chaina na ƙera shi da yawa kuma ba ta sayar wa kowa, shi ne wanda ya kamata ku sa wa ido. F-22 na Amurka ma kada ku manta da shi, a faɗan jirgi da jirgi har yanzu ana jin tsoronsa, sai dai an daina ƙera shi tun 2011 kuma dokar Amurka ta hana sayar da shi waje.

Tambaya: Wani ya ce min wayata ta fi kwamfutar jirgin yaƙi ƙarfi, wannan ba ƙarya ba ce kuwa? (wata baiwar Allah daga Maraɗi)

Hajiya akwai ƙamshin gaskiya a ciki. F-22 na farko-farko da firosesar Intel i960 (wato ƙwaƙwalwar kwamfutar) aka haɗa shi, fasahar shekarun 1980, wayar da ke hannunki ta ninka ta saurin lissafi nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, kafin a yarda da guntun lantarki a jirgin yaƙi sai an yi shekaru ana gwada shi da zafi da sanyi da girgiza da matsin juyi mai ninka nauyin mutum sau 9, kafin a gama gwajin kasuwar waya ta wuce gaba. Wayarki in ta sandare kashe ta za ki yi ki kunna, shi matuƙi ba shi da wannan damar.

Kuma manhaja tana ba su wahala ƙwarai. A 2007 wasu F-22 na kan hanyar Japan daga Hawai, suna tsallake layin da kwanan wata ke canjawa a tekun Fasifik sai na'urorin nuna hanya suka ɗauke, dole suka bi jiragen da ke ba su mai suka koma. F-35 kuma manhajar cikinsa ta haura layi miliyan 8, daga tsakiyar 2023 zuwa tsakiyar 2024 ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙi karɓar sababbi saboda sabuntawar da ake kira TR-3 ba ta kammala ba, jirage an gama ƙera su suna fake suna jiran manhaja. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki inda ƙarfin jirgin yake.

Tambaya: Me ya hana Najeriya sayen irin waɗannan? (daga Kaduna)

Kuɗi, sannan ba kowa ake sayar wa ba, Turkiyya ma da take cikin ƙungiyar tsaro ta NATO tare da Amurka an cire ta daga shirin F-35 a 2019 saboda ta sayi makamin kakkaɓo jirage S-400 na Rasha. Bayan haka matsalarmu ba jiragen wata ƙasa ba ne, 'yan bindiga ne a daji kan babura. A 2021 Najeriya ta karɓi jiragen yaƙi JF-17 guda 3 daga Pakistan, da kuma jiragen Super Tucano guda 12, kuma a ganina Tucano ɗin, duk da farfela gare shi, ya fi dacewa da aikin, yana iya daɗewa a sama yana sa ido kuma kula da shi bai kai tsadar jet ba.

Tambaya: An turo min bidiyo a WhatsApp jirgi na kakkaɓo wani jirgi, ya zan gane na gaske ne? (daga Kumasi)

Yawwa, wannan ita ce ta fi damuna wallahi. Da yawan bidiyon nan daga wasannin kwamfuta ake yanko su, musamman Arma 3 da DCS World. A 2022 bidiyon da aka yi ta yaɗawa wai wani matuƙin Yukiren ne ke kakkaɓo jirgin Rasha daga DCS ya fito, su ma masu Arma 3 sai da suka fito suka roƙi mutane su daina yaɗa wasansu a matsayin labari. Lokacin rikicin Indiya da Pakistan a watan Mayun 2025 ma haka aka yi ta yi.

Ka lura da kyau, yawanci za ka ga hoton dishi-dishi ne da gangan kuma cikin dare, kyamarar na rawa fiye da kima, babu mutane ko in akwai tafiyarsu ba ta yi kama da ta mutum ba, hayaƙi da wuta suna maimaita siffa ɗaya. Sai kuma sauti, a zahiri in abu ya fashe a nesa sai ka ga wutar kafin ƙarar ta iso, kusan daƙiƙa 3 a kowace kilomita, in ka ji ƙara da wuta sun zo tare daga nesa to ka yi shakka. Ka tsayar da bidiyon ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga inda ya fara fitowa da shekarar da aka ɗora shi, in ba ka samu tushe ba don Allah kar ka tura wa kowa.